Sharhi kan wxWidgets 3.2: gina shi daga tushe a Linux, Windows da macOS

wxWidgets laburare ne na C++ da ake rubuta manhajoji masu tagogi da maɓallai da shi, a rubuta sau ɗaya a harhaɗa don Windows da Linux da macOS. Julian Smart ne ya fara shi a 1992 a Jami'ar Edinbara da sunan wxWindows, aka sauya masa suna a 2004 saboda batun alamar kasuwanci ta Microsoft. FileZilla da KiCad da Code::Blocks da Audacity 3 duk a kansa suke tsaye. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa irin Qt ko FLTK shi ne ba ya zana maɓallansa da kansa, na tsarin da yake kai yake kira: Win32 a Windows, GTK a Linux, Cocoa a macOS. Wannan ne ƙarfinsa, kuma shi ne ya sa gina shi daga tushe ya zama aiki uku daban-daban masu suna ɗaya.

Hukuncina tun daga farko: harhaɗawar kanta tana cikin mafi sauƙi da za ka samu a laburare mai girmansa. Inda mutane ke faɗuwa shi ne kafin a fara da kuma bayan an gama, kuma kusan dukkan matsalolin daga abu biyu suke fitowa: wani ɓangare da aka kashe ba ka lura ba, ko gini biyu na laburaren da suka cakuɗe a kwamfuta ɗaya.

Ɗauki reshen 3.2. A tsarin lambobinsu, in lamba ta biyu tana rabuwa biyu, kamar 3.0 da 3.2, reshen tsayayye ne, manhajar da aka ɗaure da 3.2.0 za ta ci gaba da aiki da fitowar 3.2 ta gaba ba sai an sake harhaɗa ta ba. Su 3.1 da 3.3 na gwaji ne, babu wannan alkawarin. 3.2.0 ya fito a Yulin 2022, kusan shekara tara bayan 3.0, ya zo da wxBitmapBundle don hotuna su fito tsaf a allo mai ƙarfin gani, da wxWebRequest.

Tarko na farko yana wurin saukewa. A shafin fitarwa na GitHub akwai fayiloli biyu a ƙasa da GitHub ke haɗawa da kansa, masu suna "Source code". Kar ka taɓa su. Laburaren yana ɗauke da nasa kwafin zlib da libpng da libjpeg da libtiff da expat da PCRE da nanosvg a matsayin ƙananan ma'ajiyoyin Git, kuma waɗancan fayilolin da foldodin babu komai a ciki suke zuwa. Haka ma in ka yi `git clone` ba tare da `--recurse-submodules` ba. Gyaransa `git submodule update --init`. Abin da kake so shi ne wxWidgets-3.2.x.tar.bz2 in a Linux ko macOS kake, .zip ko .7z in a Windows. Kar ka musanya su: na Windows ƙarshen layukansa CRLF ne, in ka kai shi Linux, `configure`, fayil ɗin da ke duba kwamfutarka ya shirya ginin, zai ƙi tashi yana kukan "bad interpreter", mutum ya yi ta neman laifin a inda babu shi.

A Debian da Ubuntu, mafi ƙarancin abin da ake buƙata `build-essential` ne da `libgtk-3-dev`. A Fedora `gcc-c++` da `make` da `gtk3-devel`. Sai ka buɗe folda ta musamman a cikin tushen, ka yi ginin a cikinta:

`mkdir build-gtk && cd build-gtk`
`../configure --with-gtk=3 --with-opengl --prefix=/opt/wx32`
`make -j4`
`sudo make install`

Foldar daban ba ado ba ce. In ka taɓa gudanar da `configure` a cikin tushen kai tsaye, ragowar fayilolin da ya bari sukan lalata duk ginin da za ka yi daga baya a wata folda. Da folda daban kuwa kana iya ajiye gini uku gefe da gefe, na yau da kullum, na gano kurakurai da `--enable-debug`, da na dunƙule, wanda laburaren ke shiga cikin fayil ɗin manhajarka, da `--disable-shared`.

Nan ne babban ƙorafina da wannan laburare. `configure` yana da kawaici fiye da kima. In bai sami GTK ba zai tsaya ya faɗa maka, wannan daidai ne. Amma in bai sami WebKitGTK ba, gargaɗi ɗaya zai saki a tsakiyar ɗaruruwan layuka, ya kashe wxWebView, ajin da ke nuna shafukan intanet, ya wuce. Haka yake yi wa wxMediaCtrl in babu GStreamer, da wxWebRequest in babu libcurl, da wxSecretStore in babu libsecret. Ginin zai kammala lafiya lau, ka girka, sai ranar da manhajarka ta nemi ajin da ba a gina ba ka ga kuskuren da bai ambaci dalilin ba ko kaɗan. Saboda haka ka girka abin da za ka buƙata tun kafin ka fara: `libgl1-mesa-dev` da `libglu1-mesa-dev` don OpenGL, `libgstreamer-plugins-base1.0-dev`, `libcurl4-openssl-dev`, `libsecret-1-dev`, `libnotify-dev`, da `libwebkit2gtk-4.1-dev`. Na ƙarshen yana da nasa zancen: Ubuntu 24.04 ta daina kawo WebKitGTK 4.0, farkon fitowar 3.2 kuwa shi suke nema, don haka ɗauki fitowar 3.2 mafi sabunta. Bayan `configure` ya gama, karanta taƙaitaccen bayanin da yake bugawa a ƙarshe, inda yake nuna kowane laburare `sys` ne, wato na tsarinka, ko `builtin`, wato kwafin wxWidgets. Wanda ya fi shi tabbaci shi ne ka buɗe lib/wx/include/gtk3-unicode-3.2/wx/setup.h a foldar ginin, ka duba `wxUSE_WEBVIEW` da `wxUSE_MEDIACTRL` da `wxUSE_GLCANVAS`. In ka ga 0, ba a gina shi ba, ko me ka rubuta a layin umarni.

Lokacin harhaɗawa ba abin damuwa ba ne. A kwamfuta mai ƙwayoyin furosesa da yawa mintoci ne, nesa da awannin da Qt ke ci in an haɗa da WebEngine. Abin lura RAM ne: kowane aiki na `-j` yana iya cin ɗaruruwan megabayit, a ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi sai ka ga "Killed signal terminated program cc1plus". Ba laifin lambar ba ne, tsarin ne ya kashe GCC don wuri ya ƙare. Rage zuwa `-j2` ko `-j1` ka sake kiran `make`, daga inda ya tsaya zai ci gaba.

Kafin ka girka, shiga samples/minimal a cikin foldar ginin, ka yi `make`, ka tayar da `./minimal`. In taga ta buɗe, ginin lafiya yake, duk abin da ya lalace daga baya daga girkawa ne ko daga saitin manhajarka. Tarin misalan nan na daga cikin abubuwan da na fi yaba wa aikin. Samples/widgets kaɗai zai nuna maka yadda kusan kowane maɓalli da akwati ke fitowa a tsarinka.

Da gangan na rubuta `--prefix=/opt/wx32`. In ba ka faɗa ba, /usr/local zai shiga, kuma a nan ne gini biyu ke cin karo. Yawancin kwamfutocin Linux suna da wxWidgets na rarrabawar a /usr, wanda wata manhaja ta jawo. In akwai `wx-config` biyu, wato umarnin da ke faɗa wa mai harhaɗawa inda laburaren yake, wanda ya riga zuwa a PATH shi ke amsawa, amma lokacin tayar da manhaja mai lodin laburare yana bin nasa jerin daban. Sai ka harhaɗa da fayilolin .h na gini ɗaya ka tashi da .so na wani. In ka yi sa'a, manhajar za ta mutu nan take da "Mismatch between the program and library build versions detected", ta bugo maka bayanin ginin biyu ka kwatanta. Wannan saƙon alheri ne daga masu laburaren, domin in babu shi faɗuwa ce kawai ba dalili. Zaɓuɓɓuka irin `--enable-stl` suna sauya tsarin azuzuwan a ciki, don haka lambar siga ɗaya ba ta nufin gini biyu sun dace da juna. Da folda ta kansa, kai ke zaɓa: ka kira /opt/wx32/bin/wx-config da cikakken sunansa, ka ƙara `-Wl,-rpath,/opt/wx32/lib` wajen ɗaurewa, in ka gaji da shi ka share foldar baki ɗaya. Wanda ya nace wa /usr/local ya tuna da `sudo ldconfig`, in ba haka ba zai ga "libwx_gtk3u_core-3.2.so.0: cannot open shared object file". A Fedora ma hakan bai isa ba, sai an ƙara /usr/local/lib a wani fayil cikin /etc/ld.so.conf.d tukuna.

`wx-config` kansa kayan aiki ne mai kyau in ka san halinsa. `--cxxflags` yana ba da hanyoyin fayilolin .h guda biyu, har da ta setup.h wanda ke zaune a ƙarƙashin lib, shi ya sa wanda ya rubuta hanyar include da hannu yake samun "wx/setup.h: No such file or directory". `--libs` kuwa rukunin da suke kira `std` kawai yake bayarwa. In kana amfani da AUI ko OpenGL ko Scintilla, sai ka ce `--libs std,aui,gl,stc`. Kuma ya zo bayan fayilolinka a layin umarni, ba gabansu ba, musamman a ginin dunƙule, in ba haka ba "undefined reference" za su cika maka allo. Abu ɗaya kuma ga masu OpenGL: a GTK 3, reshen 3.2 yana gina wxGLCanvas da EGL in ya same shi, don ya yi aiki a Wayland. In manhajarka tana amfani da GLEW da aka gina don GLX, ba za su jitu ba, domin EGL da GLX hanyoyi biyu ne daban na haɗa OpenGL da taga. Ko ka sake gina GLEW da EGL, ko ka ba `configure` zaɓin `--disable-glcanvasegl`.

A Windows da Visual Studio 2022 aikin ya fi ko'ina santsi. Buɗe build\msw\wx_vc17.sln, zaɓi x64, ka gina Debug da Release duka biyun, domin manhajarka ta Debug ba za ta ɗauru da laburaren Release ba. Sakamakon yana sauka a lib\vc_x64_lib, ko lib\vc_x64_dll in ka zaɓi na DLL. Babu wani mataki na girkawa, inda ka gina nan yake zama, don haka ajiye shi a hanya gajera marar sarari a sunanta, ka nuna ta da WXWIN, wani environment variable da za ka saita a Windows. Ƙara fayil ɗin wxwidgets.props da ke tushen a aikinka, zai saita hanyoyin da kansa. Kurakurai biyu ne ke yawan dawowa: mantawa da `WXUSINGDLL` alhali an gina DLL, da LNK2038, wanda ke nufin laburaren da /MD aka gina shi kai kuma ka sa /MT.

MinGW, wato GCC na Windows, shi ne ɓangaren da ya fi nuna tsufa. `mingw32-make -f makefile.gcc BUILD=release SHARED=1` yana aiki, amma in akwai sh.exe a PATH, wanda Git ko MSYS ke kawowa, umarnan da aka rubuta don cmd sai su rikice; ƙara `SHELL=cmd.exe`. In kuma za ka sa `-j`, fara gina `setup_h` shi kaɗai, domin ayyukan suna rige-rigen neman fayil ɗin kafin a kwafe shi. Ni dai shawarata ga mai MinGW ya bar makefile.gcc, ya bi `configure` a cikin MSYS2 ko ya koma CMake.

A macOS kayan layin umarni na Xcode sun wadatar, matakan kuma irin na Linux ne. Wurin tuntuɓe shi ne `--enable-universal_binary=arm64,x86_64`: in `configure` ya tsinci libpng ko libtiff na Homebrew, waɗanda don furosesa iri ɗaya aka gina su, ɗaurewar ɗaya ɓangaren za ta faɗi. `--disable-sys-libs` yana tilasta masa amfani da nasa kwafin, kuma yana hana manhajarka dogara da fayilolin da babu su a kwamfutar wanda za ka ba.

CMake shi ne hanya ɗaya tilo da ke tafiya iri ɗaya a tsarukan uku, da zaɓuɓɓuka irin `wxBUILD_SHARED` da `wxBUILD_SAMPLES`. Mafi tsabtar amfani da shi shi ne ka saka tushen a cikin aikinka da `add_subdirectory`, ka ɗaure da `wx::core` da `wx::base`. Laburaren da manhajar sai su ginu da saiti ɗaya, matsalar rashin dacewa ta kau gaba ɗaya. `find_package(wxWidgets)` kuwa a Linux `wx-config` yake kira a ɓoye, don haka nuna masa naka da `wxWidgets_CONFIG_EXECUTABLE`, in ba haka ba na /usr zai ɗauka. Kasancewar hanyoyin gini har huɗu suna raye tare, `configure` da fayilolin Visual Studio da makefile da CMake, nauyi ne a kan sabon shiga, domin bayanin da ya samu na wata hanya ba ya aiki a wata.

To wa ya kamata ya ɗauki wannan aikin? Mai koyo a Debian ko Ubuntu na kwanan nan ya girka `libwxgtk3.2-dev` ya fara rubutu, babu abin da ginin hannu zai ƙara masa. Gini daga tushe yana biyan wahalarsa ne ga mai son siga ɗaya tak a tsarukan uku, ko mai son bin kuskure har cikin lambar laburaren, ko mai son raba manhaja fayil guda. A wannan na ƙarshe lasisinsa ya fi na Qt sauƙin sha'ani: LGPL ne da aka ƙara wa sassauci, wanda ya yarda ka dunƙule laburaren cikin manhajarka ka raba ta bisa sharuɗɗanka. Sai dai a Linux dunƙulewar ba ta kai ƙarshe ba, wxWidgets ne kaɗai ke shiga cikin fayil ɗin, GTK 3 dole ya kasance a kwamfutar mai amfani, kuma sai ka yi ginin a kan rarrabawa mafi tsufa da kake son tallafawa saboda glibc, laburaren C na Linux.