Noti ko ƙusa a haɗin katakon rufi?

Malam, wa alaikumus salam. Noti za ka sa a manyan mahaɗai, ni dai abin da na gani da idona ke nan.

Lokacin da na rufa gidana, kafintan wani dattijo ne, ya kafe sai na sayo noti mai kaurin milimita 12, kowanne da washa biyu, wato faifan ƙarfe mai huda a tsakiya. Na yi ta ƙorafin kuɗi, shi kuwa ko a jikinsa. Ina tsaye ya huda katakon tu-bai-sikis (mai inci 2 da inci 6) guda biyu, ya zura wani ƙarfe mai tsini a ramin ya ɗan girgiza har ramukan suka yi daidai, sannan ya zare ya sa noti ya ɗaure da sifana lamba 19. Ya hana yaransa huda kusa da bakin katako, sai an bar kamar faɗin tafin hannu, don kada itacen ya tsage. Bayan rani ɗaya ya dawo da kansa ya ƙara ɗaure su, domin katakon da muke saya yawanci ɗanye ne, in ya bushe sai ya motse, notin ya saki. Da guguwar farkon damina ta zo unguwarmu, da safe mun tsinci kwanon mutane a kan titi, nawa ko motsi bai yi ba. Har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'a.

Dalilin a fili yake. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi sama. Ƙusa kuwa matsewar itace kawai ke riƙe ta, in katako ya bushe sai ta zare kamar yadda ta shiga. Noti ya ratsa ta ɗaya gefen, washa ta tokare, sai dai katakon ya karye.

Ƙusa tana da arha da sauri, kuma dole ka saye ta don katakon tu-bai-tu (mai inci 2 da inci 2) da za a buga kwano a kai da sauran ƙananan wurare. Iyakarta ke nan.

Kada ka manta da langa-langa ko rodin da za a binne a cikin ginin a naɗe katakon da ke kan bango da shi. In babu wannan, rufin zai tashi gaba ɗaya da notinsa.

Sai ka yi hattara wajen saye. Akwai masu sayar da noti na ƙarfe mai laushi da aka fesa wa fenti mai ruwan azurfa, su ce ba ya tsatsa. Karce shi da makulli, in fenti ne zai ɓare. Ɗaura shi ka kwance a gabansu, in zaren jikin notin ya lalace ko yana lilo, ajiye musu. A ƙusa ma ana tauye sikeli, ana kuma cakuɗa inci 3 cikin inci 4 a ƙasan leda. An taɓa yi mini, sai a wurin aiki muka gane.

Ka tafi kasuwa da kafintanka, ya auna kaurin katako biyun da za a haɗa, ka sayi notin da ya fi su tsawo da kamar inci ɗaya, kowanne da washa gaba da baya.