Bitar malaman aikin gona: ranar da muka shiga gona ce ta biya kuɗin mota

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da aikin gona a sakandare, kuma in faɗi gaskiya, yawancin noman da nake yi da ɗalibai a kan allo yake ƙarewa. Shi ya sa da shugaban makarantarmu ya miƙo mini takardar bitar kwana uku da wata ƙungiya ta shirya wa malaman fannin a hutun da ya wuce, ban yi wata-wata ba.

Ranar farko ta tafi a banza. Jawabin manyan baƙi ya cinye safiya, da rana kuma aka kunna majigi ana nuna mana jirgi marar matuƙi yana feshi a gona. Abin sha'awa ne, amma makarantar da fartanya goma ba ta cika ba, ina ita ina jirgi?

Washegari aka kai mu gona, a nan na samu abin da na zo nema. Wani dattijon malamin gona ya sa kowa ya ƙirga ƙwayar masara 100, ya jera a jiƙaƙƙen buhu ya naɗe. Bayan mako guda sai ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro, ka san ƙarfin irinka tun kafin ka ɓata kunya. Sannan ya ɗauko buhun taki ya tambaye mu ma'anar 15-15-15 da ke jikin NPK. Duk mun san amsar littafi: kashi 15 cikin 100 na kowanne daga cikin sinadaran naitirojin (N), fosfaras (P) da potasiyam (K). Da ya ce to kilo nawa ne na naitirojin a buhu mai kilo 50, sai wuri ya yi tsit. Kilo 7.5 ne kacal, alhali buhun yuriya mai kashi 46 cikin 100 yana ɗauke da kilo 23. Na ji kunya, domin na sha koyar da wannan darasi ban taɓa sa yara sun yi lissafin ba.

Mun kuma leƙa cikin kan masara muna neman tsutsar nan mai cin masara da ake kira fall armyworm, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, aka nuna mana kashinta mai kama da garin katako, wanda shi ke tona mata asiri. Aka zo kan PICS, buhun ajiyar amfanin gona na Jami'ar Purdue ta Amurka: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Iska ta ƙare, ƙwaron wake ya mutu, ba a zuba magani ba.

Inda na ga gazawa shi ne yawanmu. Mun fi ƙarfin kayan aikin, har wasu malamai mata ba su samu taɓa na'urar gwajin ƙasa ba. An yi mana bayanin irin masara na SAMMAZ da irin wake na SAMPEA na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, amma ko cikin cokali ba a ba mu mu kai gonar makaranta ba. Takardar shaida kuwa har yau muna jira.

In an sake kira zan koma, sai dai zan nemi jadawalin tukuna, in ga kwana nawa aka ware wa gona. A yanzu dai 'yan SS1 sun jiƙa buhunansu, ranar Litinin za mu buɗe mu ƙirga.