Nas ɗin da muka ɗauka bayan an cire wa Baba huhu

Tarin tibi ne ya cinye huhun Baba na hagu, har likitoci suka cire shi ɗungurungum. Da aka sallame mu sai yayanmu ya biya wa ɗaya daga kamfanonin nan masu turo nas gida kuɗin wata guda. Ni dai ban so ba, gani nake ɓarnar kuɗi ce tunda ga mu nan 'ya'yansa mata uku.

Daren farko ya sa na canja ra'ayi. Baba tun yana yaro a gefen dama yake kwanciya saboda sunna, shi ya sa da ya ce in juya shi ban yi tunanin komai ba, na juya shi. Can wajen ƙarfe biyu Sista ta shigo ta same shi yana haki. Ta maƙala masa ɗan abin nan na awon iskar oksijin da ke cikin jini a yatsa, ya nuna 88, wato ta yi ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Anti, kama mini kafaɗarsa a hankali." Muka mayar da shi rigingine, ta jera filo uku a bayansa har ya zama kamar a kishingiɗe. Kafin minti goma awon ya koma 95.

Sai ta durƙusa ta ce, "Baba, huhu ɗaya ya rage maka, na dama ne. In ka kwanta a kansa ka danne shi, kuma ruwan da ke taruwa a gurbin wanda aka cire zai iya gangarowa wajensa. Ko rigingine, ko gefen da aka yanka, har likita ya sake duba ka." Baba ya yi shiru, sannan ya ce lalura ce, Allah ya sani. Wallahi sai da na yi hawaye. An faɗa mana wannan a asibiti, amma a gurguje da Turanci, bai zauna mini ba.

Ita ta koya masa rungume filo a kan ɗinkin in zai yi tari, ita ke sa shi zuƙar na'urar nan ta motsa huhu mai ƙwallaye uku, tana zagaya tsakar gida da shi safe da yamma.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya neme su. Sai dai ranar kwana goma sha biyu suka ɗauke ta ba sanarwa, suka turo wata. Wannan kullum tana kan waya. Rannan na tarar ta cire filolin ta shimfiɗe shi sambal, wai gyaran gado take yi, shi kuma yana ta kokawa da numfashi. Na kira ofishinsu sau huɗu, sai "za mu duba, Hajiya". Ga kuɗin safar hannu da auduga da suka ƙara mana, alhali an ce suna cikin kuɗin farko.

Sati na uku muka sallame ta, sauran kuɗinmu kuma har yau ba su dawo da shi ba.