Gidan da na duba a Katy da dalilin da ya sa ban saya ba

Assalamu alaikum Yaya Alhaji. Ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara da mutanen Lainde baki ɗaya. Na ji saƙonka a kan hotunan gidan nan da na turo, inda ka ce tunda sabo ne kuma Allah ya hore, in rufe ido in saya. Na ga gara in rubuto maka dalla-dalla, domin yadda ake auna darajar gida a Amurka ya sha bamban da abin da muka saba a Garwa, can gida Kamaru.

Gidan yana Katy, yamma da birnin Houston a jihar Teksas, cikin sababbin unguwannin da kamfanonin gini ke yankawa a bayan gari. An gina shi a 2021. Ɗakunan kwana huɗu, garejin mota biyu, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in mita 200. Mai shi yana neman dala 365,000, wato sama da sefa miliyan 200. Wallahi gida ne mai kyau, iyali sun so shi tun daga bakin ƙofa.

A wajenmu, idan mutum zai sayar da gida yakan lissafa buhunan simintin Figil da ya zuba, da rodi, da kwano, da kuɗin birkila, ya ɗora ribarsa. Daga nan sai ciniki, gwargwadon wanda ya zo saye da kuma matsuwar mai sayarwa. A nan ba wanda ya damu da abin da ka kashe. Tambaya ɗaya ce: nawa aka sayar da gidaje irinsa a wannan unguwa cikin 'yan watannin nan? Banki ba ya ba da bashi sai ya turo mai ƙiyasi, wanda yake da lasisin hukuma. Shi kuma sai ya zaɓo gidaje uku ko fiye da aka sayar kusa, masu girma ɗaya da shekaru kusan ɗaya, ya ƙara ya rage bisa bambancin da ke tsakani, ya fitar da adadi. A kan wannan adadin banki zai ba ka kuɗi. Idan ka yi ciniki sama da shi, cikon daga aljihunka zai fito.

Teksas na cikin jihohin da ba a tilasta bayyana farashin da aka sayar da gida, saboda haka ƙiyasin da ake gani a Zillow, shafin intanet na tallan gidaje, ba abin dogaro ba ne sosai a nan. Dillalai ne ke da rumbun bayanan gaskiya, kuma dillaliyarmu ta fitar mana da shi a takarda. Gidaje uku masu zane iri ɗaya da wannan, biyu ma a layi ɗaya suke, an sayar da su tsakanin dala 335,000 da 345,000. Mai gidan ya sa tayil mai tsada, ya gina rumfa a baya, ya sake kicin, yana so a biya shi duka. Kasuwa kuwa kaɗan take mayarwa daga irin wannan ado. Shi ya sa masu harkar ke gargaɗin kada ka sayi gidan da ya fi kowane tsada a layinsa, don maƙwabta za su janyo darajarsa ƙasa ranar da za ka sayar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kamfanin da ya gina unguwar bai gama ba. A ƙarshen titi har yanzu ana kafa sababbi. Duk wanda ke sayar da gida mai shekara uku ko huɗu a wurin, da kamfanin yake gasa, kuma kamfanin ya fi shi ƙarfi: yana ba da gida fil da garanti, yana biyan wani ɓangare na kuɗin takardu, yana ma biya a rage wa mai saye kuɗin ruwan bashin banki. Wannan na ƙarshe babban abu ne. A 2021 kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 yana wajen kashi 3 cikin 100, a ƙarshen 2023 ya haura kashi 7. Bashin dala 300,000 a kashi 3, biyan wata kusan dala 1,265 ne. A kashi 7 ya kusa dala 2,000. Gida ɗaya, bashi ɗaya. Na san za ka tambayi batun riba, kuma yana damuna ƙwarai. Akwai kamfanoni irin Guidance Residential da ke yin tsarin musharaka, ku mallaki gidan tare kana sayen kasonsu a hankali. Da su nake magana, ko da yake abin da ake biya a wata bai yi nisa da na banki ba.

Sai haraji, wanda mu ba mu saba jin nauyinsa haka ba. Teksas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, a kan gidaje take fanshewa. Makarantu, gunduma, duk daga nan suke ci. Sabuwar unguwa kuma tana da ƙarin nata: bashi aka ci aka ja ruwa aka haƙa magudanai, kuma mazauna ne ke biyansa ta wata hukumar ruwa da ake kira MUD. Idan an haɗa, a irin waɗannan unguwanni harajin kan kai kashi 3 cikin 100 na darajar gida kowace shekara kafin rangwamen da ake yi wa mai zama a gidansa. A wannan gida ya haura dala 10,000 ke nan, ko ka gama biyan bashi ko ba ka gama ba. Ga kuɗin ƙungiyar masu gidaje, mai ikon ci maka tara idan ciyawarka ta yi tsawo ko ka sauya fenti ba izini. Ba ka da damar ɗaga katanga mai tsawo a gaba, balle zaure ko turken ragon layya. Amma kuma gaskiya kwalta har ƙofa, ruwa da wuta tun kafin a kafa gidan farko, motar shara kowane mako, ba wanda ya isa ya buɗe garejin walda a jikin bangonka. Da za a yi mana haka a sababbin unguwannin Garwa da na yi murna, don mu gini muke fara yi sannan mu jira hanya.

Ginin kansa zai ba ka mamaki. Katako ne gaba ɗaya, an lulluɓe ciki da allon filasta, bulon da ka gani a hoto layi ɗaya ne na ado a waje. Rufin ba kwano ba ne, wasu falle-falle ne na kwalta da ake sauyawa bayan shekara 20 ko makamancin haka, na'urar sanyi kuma ba ta cika wuce 15 ba. Ƙasar Houston irin karal ce ta wajen Marwa inda ake dasa muskuwari, dawar rani: da rani ta dare, da damina ta kumbura, tana motsa harsashin gini. Mutane a nan har ban ruwa suke yi wa gindin bango da zafi don kada ƙasa ta janye. Saboda haka ake ɗaukar mai duba gini, ka biya shi 'yan ɗaruruwan daloli, ya hau rufi ya shiga silin ya rubuto maka rahoto da hotuna, kuma kana da 'yan kwanakin da za ka iya fasa ciniki. Wannan aikin na so ƙwarai a ce muna da shi.

Na bincika batun ambaliya ma. A Agustan 2017 guguwar Harvey ta cika madatsun Addicks da Barker, ruwa ya koma baya ya shiga gidajen da aka gina a cikin kwarin madatsar, wasunsu nan kusa da Katy, masu su da yawa ba su san inda suke zaune ba. Kai da ka ga abin da Binuwai ya yi a 2012 lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ka san irin wannan tashin hankali. Daga 2019 doka ta wajabta wa mai sayarwa ya rubuta ko gidan ya taɓa shan ruwa ko yana cikin irin wannan wuri. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai ka sayi wata daban.

Na yi tayin dala 340,000, mai gida ya ce albarka. Yanzu hankalina ya fi karkata ga wata tsohuwar unguwa da aka gina wajen 1995, makarantunta na da kyau, harajinta ya fi sauƙi don an kusa gama biyan bashin ruwa, ba kuma sauran filin da kamfani zai yi gini ya karya farashi. Ta fi kusa da masallaci ma. Sai dai dole in ware kuɗin rufi.

Game da filin Jambutu da ka ce dillali ya kawo, don Allah Yaya kada a ba da kafin alƙalami tukuna. A tambayi jauro, wato mai unguwa, da maƙwabta nawa aka sayar da filaye uku na kusa a bana, wanda aka biya da gaske ba wanda aka yi kirari da shi ba. A je a gan shi a watan Agusta bayan ruwa mai ƙarfi. A kuma tabbatar ko yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, in yana da shi a yi cinikin a gaban notar, jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki, in babu a gaya mini wace takarda mai shi yake riƙe da ita. Idan ka tattara wannan ka turo mini, sai mu yanke shawara tare. A gaida Hajiya, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.