GARGAƊI: mai sayar da had dis na gem a Sakkwato ya cinye mini naira 112,000

Jama'ar Sakkwato, musamman masu shagunan gem da samarin da ke son buga tsofaffin wasanni a kwamfuta, ku yi hattara. Akwai wani macuci da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana tallan had dis, wato ma'ajiyar bayanai da ake jonawa a kwamfuta, mai girman 2TB, wai a cikinsa akwai gem sama da dubu ashirin, tun daga Sega har zuwa PlayStation 3, kana jonawa a kwamfuta sai bugawa. Ƙarya yake yi. Naira 112,000 ya cinye mini. Dubu ɗari da goma sha biyu, a wannan zamani da kowa ya san yadda ake neman kuɗi. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Kuma kada wani ya zo yana ce mini ai da ka gwada. Na gwada. Da hannuna na gwada. Abin da ke hana ni barci ke nan.

Shago na so in buɗe wa ƙanena a Mabera. Ya gama karatu yana zaune, ni kuma ba na son zaman banza ya lalata shi. Muna da tsohuwar PS2 (PlayStation 2) a gida, amma idonta ya gaji, sai ta ga dama take karanta faifai. Na'ura ce da ta fito tun 2000, yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu an sha gyara su. Shi ya sa na yi tunanin a koma kwamfuta, a sa emuleta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi aikin na'urar gem. Wannan abu ne da ake yi da gaske, na gani da idona wurin mutane tun kafin in san wannan azzalumi yana duniya. Don haka da na ga tallansa ban ga wani abin mamaki ba.

Dubu 85 ya ce kuɗin had dis ɗin. Dubu ɗari ya fara cewa, muka yi ciniki ya sauko. Sauran dubu 27 ɗin daga baya ya zare su, zan zo kansu.

Na ƙi tura masa ko sisi ta waya. Na ce sai mun haɗu na gani. Ya ce babu damuwa, ai haka ya fi so. Muka haɗu wajen Dandima, a ƙarƙashin wata rumfa, ya zo da laftof ɗinsa da hannun gem guda biyu. Ya jona had dis ɗin a gabana. Ya buɗe Winning Eleven muka buga wasa guda cikakke, ni da shi, babu tsayawa babu sarƙewa. Ya buɗe God of War II na ga hoto tas. Ya buɗe Mortal Kombat na Sega, irin wanda muka buga muna yara. Na ce ya buɗe mini wani da ni zan zaɓa da kaina, na zaɓi GTA San Andreas, ya tashi. To ku gaya mini, wane gwaji ne ya rage? Har lissafi na yi kafin in fito daga gida. Gem ɗin Sega ɗaya 'yan megabait ne kawai, dubbansu ba za su cika ko lungu ɗaya na had dis ba. Na PS2 ne masu nauyi, faifan DVD na ɗaukar 4.7GB, masu hawa biyu sun fi haka. Na ga in yawancin dubu ashirin ɗin ƙanana ne, 2TB zai ɗauka. Da ilimina na je, ban je a makance ba.

Sai aka kira la'asar. Ya rufe laftof, ya zare had dis ɗin, ya sa a jakarsa ya ce, “Malam, mu ba da farali tukuna, ciniki ba shi gudu.” Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗata na taɓa tasa. Da muka fito ya buɗe jaka ya miƙo mini had dis a cikin kwalinsa, baƙi, iri ɗaya sak da wanda muka gwada. Ya ce, “Ga amanarka, in ka ga matsala ko tsakar dare ne kira ni.” Muka je wurin mai POS na cire dubu 85 na ƙirga masa a hannu. Ina ta maimaita wannan wuri a raina. Jakar. Zif ɗin da ya buɗe na gefe ne, alhali a na tsakiya ya sa wancan. Na gani, amma wa zai kawo wa ransa cewa mutumin da kuka fito daga masallaci tare yanzu-yanzu zai musanya maka kaya? Wanda bai amince wa mutum a wannan hali ba, wa zai amince wa kuma?

Dubu 40 daga cikin kuɗin nan na yayata ne. Adashenta ta ɗauka ta ba ni, ta ce a taimaki yaron. Ranar da ta tambaye ni, “Ya maganar shagon auta?” ban iya ɗaga kai na dube ta ba.

Na koma baya kaɗan. Tun kafin mu haɗu na faɗa masa irin kwamfutar da muke da ita, Core i3 ce mai RAM 4GB. Na tambaye shi ƙarara ko za ta ɗauki PS3. Ya ce har ta yi yawa. Saƙon na nan a wayata, zan saka hotonsa kowa ya gani. Emuletar PS3, wadda ake kira RPCS3, tana son kwamfuta mai ƙarfi ƙwarai, irin tamu ko kusa ba za ta je ba. Ya san haka sarai, sana'arsa ce. Ya dube ni ya shirga ƙarya.

Da muka kai gida muka jona, kwamfuta ta nuna 2TB, sunayen gem jere reras, dubbai. Ƙanena har tsalle ya yi. Muka buɗe 'yan ƙananan na Sega, wasu suka tashi. Muka buɗe PCSX2, ita ce emuletar PS2, sai ta ce tana neman BIOS, wata 'yar manhajar da ba ta tashi sai da ita. Na kira shi, bugu ɗaya ya ɗauka. Ya ce af, ya manta bai gaya mini ba, BIOS na asali daban ake saye, dubu 15. Na yi faɗa, ya ba ni haƙuri, ya ce shi ma saye yake yi daga Legas. Na riga na zuba dubu 85, in bar su su tafi a banza saboda dubu 15? Kowa a matsayina turawa zai yi. Na tura. Ya turo wani fayil ta WhatsApp, ya ce sai na kashe Windows Defender, manhajar da ke kare kwamfuta daga ƙwayar cuta, kafin in buɗe, wai yana hana gem aiki. Da aka buɗe babu wani BIOS da ya fito, sai ma kwamfutar ta fara nauyi tana buɗe shafukan talla ita kaɗai.

Dubu 12 ɗin kuwa na “lasisi” ne. Na manta ko kafin fayil ɗin ne ko bayansa, ina jin bayansa ne, don a lokacin ne allo ke yin baƙi ƙirin in an buɗe gem. Ya ce lasisin manhajar ne ya ƙare, sai an sabunta, da an biya komai zai tashi gaba ɗaya har PS3. Asusun da ya ba ni wannan karon sunan wata mace ne, ya ce matarsa ce. 85 da 15 da 12. Ku tara. 112,000. Bayan tiransifar ƙarshe ya ce in ba shi zuwa dare. Da dare layinsa a kashe, WhatsApp ya toshe ni, shafin Facebook ɗin ya canza suna da hoto.

Wani abokin ƙanena, ɗalibi ne mai karatun kwamfuta, shi ya zo ya duba mana. Da ya ɗaga had dis ɗin ya ji nauyinsa sai ya yi shiru. Ya sa wata 'yar manhaja mai suna H2testw, wadda ke cika ma'ajiyar da bayanai sannan ta sake karanta su don ta ga ainihin abin da ya zauna. Abin da ya fito bai kai 32GB ba. Muka ɓalle murfin. 'Yar filash ce a ciki an manne ta da gam, da guntun ƙarfe a gefe don ya yi nauyi. Ya yi mana bayani cewa ana sauya bayanin da ke cikin irin wannan filash ta riƙa gaya wa kwamfuta girman ƙarya. Sunan fayil zai fito, girmansa zai fito, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinta babu shi, fanko ne. Shi ya sa ƙananan na farko suka tashi, manyan kuwa ko ɗaya. Dubu 85 na biya a kan filash da guntun ƙarfe. Na ɗauki bidiyon lokacin da muke buɗewa, shi ma zan saka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da yaron nan ya ce, “Yaya, ai duk waɗannan manhajojin kyauta ne.” PCSX2 kyauta. DuckStation ta PS1 kyauta. Dolphin ta GameCube da Wii kyauta. RetroArch, wadda ke haɗa tsofaffin na'urori da yawa wuri ɗaya, kyauta. PPSSPP ta PSP ana sauke ta kyauta, ba ta ma neman BIOS. Babu wani lasisi da ke ƙarewa a cikinsu. BIOS kuwa 'yar manhajar da ke cikin na'urar ce da kanta, masu PCSX2 ba sa haɗawa da ita saboda mallakin Sony ce, hanyar da suka ce a bi ita ce ka ciro daga PS2 ɗinka. Muna da PS2 a ajiye a ɗaki! Abin da na biya dubu 15 a kansa yana cikin ɗakinmu tun shekaru.

Sai da ya wanke kwamfutar tas ya sake sa Windows saboda ƙwayar cutar da fayil ɗin can ya shigo da ita. Bayan nan ya zauna ya nuna mana cewa yawancin irin matsalolin da macucin ke fakewa da su yana karɓar kuɗi, gyaransu a saiti yake. In allo ya yi baƙi, ka shiga saitin hoto ka sauya hanyar fitar da hoto tsakanin Vulkan da Direct3D da OpenGL, ka kuma sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke tafiyar da shi. In gem na jan ƙafa, sauti na kakkaryewa, kwamfutar ce ta kasa kai gudun da ake so: ka mayar da girman hoto zuwa na asali, ka jona caja, don laftof na rage ƙarfi in tana kan batir. Ga kuma zafin garin nan. In ta ɗau zafi da kanta take rage gudu, don haka kada ka ɗora ta kan katifa, ka ɗaga ta iska ta shiga ta ƙasa. In hannun gem bai amsa ba, ka shiga saitin hannu ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya ta gane su. Gem ɗin PS1 da ya zo da fayil biyu, bin da cue, cue ɗin ake buɗewa, in ba haka ba wasu kiɗansu ba ya fitowa. Har ya ce in ka ga gem na nuna gudun hoto 50 a daƙiƙa maimakon 60 kada ka tsorata, bugun Turai ne, a haka aka yi shi. Yanzu PSP da PS1 da Sega na tafiya lafiya a kwamfutar, PS2 wasu na tafiya wasu na ja. Yaron nan ko kuɗin mai bai yarda ya karɓa ba, Allah ya yi masa albarka. Wancan kuwa dubu 112.

Wasu a unguwa na cewa wai na yi gaggawa. Gaggawar me? Na ƙi biya kafin in gani. Na gani. Na buga. Na zaɓi gem da kaina. Na yi ciniki. Mutum ya shirya zambarsa tun daga gida, ya tanadi kwali biyu iri ɗaya, ya jira kiran salla ya yi amfani da shi. Har yanzu ina jin muryarsa yana cewa ga amanarka. Amana! Na tabbata ba ni ne na farko ba, don hannunsa ko rawa bai yi ba lokacin da yake miƙo mini.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma je banki da rasit ɗin tiransifa biyun. An ce kada in saka sunan asusun da lambarsa a fili yanzu, shi ya sa ba ku gani ba. Amma hotunan hirarmu da tallan da bidiyon filash ɗin duk suna nan, zan rufe lambobin in saka su. Siffarsa: matashi ne siriri, yana yawo da baƙar jakar goyo, bakinsa da daɗi, yana yawan rantsuwa. Ya ce mini a Arkilla yake, na je na yi tambaya babu wanda ya san shi.

Kada ku sayi had dis na gem sai an gwada a kwamfutarku, kuma daga lokacin da aka gwada kada ya bar hannunku. Ku sa H2testw kafin ku biya. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin lasisin waɗannan emuletocin na kyauta ko ku kashe Windows Defender, ɓarawo ne.

Duk wanda mutumin nan ya taɓa sayar wa kaya a Sakkwato ko Wamakko ko Bodinga, ya turo mini saƙo da rasit ɗinsa, ina so mu haɗa su wuri ɗaya mu kai tare.