Daga Tawa zuwa Ingal a motar haya: kamfani ya ba mu kunya, direba ya fid da mu

Mu huɗu muka haɗa kuɗi, ni da ƙanena da abokan aikina biyu, muka ɗauki hayar katkat, motar shiga daji, a wani kamfani na nan Tawa don zuwa bikin makiyaya na Ingal, wanda ake kira Cure Salée, da ake yi a watan Satumba idan damina ta ja baya. Jingar ta kwana huɗu ce, jika 60 kowace rana, gazwal a kanmu. Su kuma za su ba da mota da direba, tanti biyu da bidon ruwa huɗu. Tun da muka dawo ake tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na zauna na rubuta.

A hoton da suka turo mini ta WhatsApp motar sai sheƙi take. Wadda ta zo ƙofar gida da asuba ta sha jiki. Na'urar sanyi ba ta aiki, tanti ɗaya ne maimakon biyu, shi ma da ɓula a gefe. Da na kira ofis sai aka ce ɗayan yana hannun wasu baƙi, in yi haƙuri. Abin da ya fi ɓata mini rai tayar canji ce, ta suɗe sumul kamar tafin hannu. Duk wanda ya san hanyar Tawa zuwa Agadas, kusan kilomita 400 na wannan titi da ake ce wa hanyar uranium, ya san ba a wasa da taya a kanta. Wani wurin kwalta ce, wani wurin sai dai a ce an taɓa yin kwalta.

Mun tsaya a Tabalak, tafkin ya cika maƙil da ruwan damina, muka karya da soyayyen kifi a bakin hanya. Bayan Abalak taya ta fashe. A nan na fara gane wane ne direbanmu.

Dattijo ne Ba'abzine, rawaninsa ya rufe baki, Hausarsa a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya sa tayar canjin, ya duba ta, ya girgiza kai. Na ce, "Baba, anya za ta kai mu?" Ya ce, "Ɗana, za ta kai mu wurin mai faci, ba Ingal ba." Haka kuwa aka yi. Ya san ƙauyen da ake faci, ya san sunan mai facin, har ya tambaye shi lafiyar raƙumarsa. A shingayen jandarma ma shi ya ce kowa ya riƙe katin shaidarsa a hannu tun kafin mu iso, kuma ya ƙi yarda mu yi tafiyar dare ko da ƙanena ya matsa.

Filin bikin kansa bai burge ni ba sosai. Rumfunan manya, jawabai, ƙura, motoci. Tseren raƙuma ya yi kyau, da sirdunan Abzinawa masu ado, amma taron ya yi yawa har ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka. Ashe abin kallon yana bayan gari.

Kashegari Baba ya tashe mu kafin kiran salla, ya fita da mu cikin filin Irhazer. Ban taɓa zaton zan ga kore haka a arewacin Abalak ba, ciyawa shimfiɗe iya ganinka. Sai ga shanun Fulanin Wodaabe, jajaye masu dogayen ƙahoni, suna tafe cikin hazon safiya, ba ka jin komai sai takunsu da kiran yaro ɗaya a baya. Baba ya sa na ɗebi ƙasa na ɗanɗana. Gishiri-gishiri take. Abin da ke kawo makiyaya daga nesa ke nan duk shekara: ciyawa da ruwan wurin suna da gishiri da kanwa, dabba ta ci ta murmure kafin a koma kudu da rani. Biki daga baya ya zo, gishirin ne asali.

Da yamma muka je zangon Wodaaben, samari sun jeru kafaɗa da kafaɗa, fuska ta sha jan fenti, leɓe baƙi, gashin jimina a ka, suna zare ido suna nuna fararen haƙora, ƴan mata na kallo daga gefe kamar ba ruwansu. Na ɗaga waya zan ɗauki hoto, Baba ya taɓa hannuna ya ce a fara gaisawa da dattawa tukuna. Mun gaisa, an ba mu nono a ƙwarya, sannan aka ce mu ɗauka.

Tegidda n Tesemt ba ta cikin jinga, mun ƙara kuɗin gazwal muka je, ban kuma yi da-na-sani ba. Ɗaruruwan ƙananan ramuka ne da ake zuba ruwan gishiri rana ta ƙafar da shi, wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani fari fat. A hanya Baba ya nuna mana kututturen itace da ya rikiɗe ya zama dutse. A wannan yanki ne masu bincike suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar zamanin da, irin dinosaur, wadda suka sa wa suna Jobaria a 1999, daga Jobar, wata halitta ta tatsuniyar Abzinawa. Mutanen Ingal kuma harshensu daban, Tasawak, ga lambunan dabino a bakin ƙorama. Abin kunya ne a ce ina Tawa tun haihuwa sai bana na san wannan.

Tantin mai ɓula ba mu ma kafa shi ba a dare na biyu. Tabarma muka shimfiɗa a waje. Baba ya kwaɓa gari ya binne cikin yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi, tagilla ke nan, muka ci da cukun da muka taho da shi daga Tawa, aka bi da shayi zagaye uku. Rezon waya babu. Sauro kam akwai, wanda zai je ya tafi da gidan sauro.

Ruwan bido huɗu bai isa mutum biyar ba, a rana ta uku muka saya a gari da tsada. Wanda zai ɗauki irin wannan haya, ya je da ƙafarsa ya ga motar, ya taɓa tayoyin duka biyar, a rubuta abin da aka yi alkawari a takarda, ya kuma tambayi halin tsaron hanya a satin da zai tashi. Sannan ya tambaya wane direba za a ba shi, ɗan yankin ne ko kuwa.

Da muka dawo kamfanin ya so ya cire kuɗin facin taya daga kuɗin ajiyarmu. Baba ne ya tsaya a ofis ya ce shi ya ga tayar tun kafin a tashi, ya kuma faɗa musu. Suka mayar mana da kuɗinmu cif. Lambarsa na karɓa, ta kamfanin kuwa na goge.