Kayan aikin ƙaramin biron zanen gini a Yamai: me za a fara saye, me zai jira

Wanda zai buɗe biron zanen gini na mutum biyu ko uku a Yamai, da wuya kuɗinsa ya ishe shi sayen komai a tashi ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba rabin jari a babbar na'urar buga zane, wato tirasar, don mai kawo aiki ya shigo ya ga biro ya cika, alhali kwamfuta tana jone da bango kai tsaye. A garin nan abu uku ke kashe kayan aiki: yankewar kuran, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu. Kowane kaya da su za a auna shi.

A fara da kuran. Ondiler, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in kuran ya yanke, mai 1500 VA yana ɗaukar kimanin wat 900, kuma abin da zai ba ka mintoci ne, biyar zuwa goma sha biyar, daidai ka adana aiki ka kashe na'ura. Ka nemi mai daidaita ƙarfin wuta, wanda aka rubuta AVR a jikinsa, domin hawa da saukar kuran ya fi yankewarsa ɓarna. Ƙananan baturan da ke cikinsa na dalma ne, 12 V 7 Ah ko 9 Ah, kuma ba sa shiri da zafi: duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana rage musu rabin kwanansu. Saboda haka wanda ya sayi ondiler ya sa a ransa zai riƙa sauya batir. Kada a jona wa ondiler firinta ta leza. Lokacin da take ɗumama kanta tana jan wutar da za ta kayar da shi.

Gurup ƙarami na fetur ya fi sauƙin saye, amma ga ƙara, ga hayaƙi, ga mai kullum, kuma wutarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Biron da ke haya a bene ko a cikin unguwa zai sha magana da maƙwabta. Sola ce ta fi dacewa da aikin zane, in an yi lissafi kafin a saya. Kwamfuta uku na tafi-da-gidanka wat 300, allo uku wat 105, fanka biyu wat 140, fitilu da na'urar intanet wat 55: wat 600 ke nan. Awa shida ba kuran NIGELEC, kilowat-awa 3.6. Batirin litiyom LiFePO4 mai 48 V 100 Ah yana riƙe kusan kilowat-awa 5, za ka ci 4 hankali kwance. Batirin jel mai 12 V 200 Ah a takarda 2.4 ne, amma in kana son ya daɗe rabi kawai za ka taɓa, don haka sai huɗu a jere su kamo litiyom ɗaya. Arahar jel ta ranar saye ce. Pano huɗu masu wat 450 za su cika wannan batir a wuni, matuƙar ana share musu ƙura, a hunturu ko da sau biyu a mako. Kilim kuwa daban take. Mai doki ɗaya da rabi ita kaɗai tana jan sama da wat 1000, wato ta kusa ninka dukan biron sau biyu. A bar ta a kan layin NIGELEC.

Wannan lissafin shi ke raba gardamar kwamfutar tebur da ta tafi-da-gidanka. Ta tebur ta fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, ta fi sauƙin buɗewa a kaɗe ƙura, kuma abin da ya mutu a ciki shi kaɗai ake sauyawa. Sai dai in tana haɗa hoton gini tana iya jan wat 400 zuwa 500, kuma kuran na ɗaukewa ta mutu. Ta tafi-da-gidanka ondiler ɗinta na cikinta, kuma ana zuwa da ita shantiye ko gidan mai aiki. Shawararmu: kowa ta tafi-da-gidanka da allo mai inci 27, 2560 × 1440, sannan ta tebur guda ɗaya tak idan biro yana sayar da hotunan 3D.

Manhajojin zane galibi a kan zuciya ɗaya ta furosesa suke dogara lokacin da kake zana bango da taga, don haka saurinta ya fi yawanta amfani. RAM, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinsa, 16 GB shi ne ƙasa. Mai aiki da manhajar Revit ko Archicad ya nemi 32, kuma ya tabbatar ba a manne take da babban allon cikin na'ura ba, ana iya ƙarawa. Faifan ajiya SSD na 1 TB. Katin hoto mai 6 zuwa 8 GB sai ga mai amfani da manhajojin haɗa hoton 3D irin Lumion, Twinmotion ko Enscape. Mai zane a shimfiɗe, wato 2D, ba ya buƙatarsa.

Okaziyo ba laifi ba ne. Dell Precision, HP ZBook da ThinkPad P tsofaffi sun fi sabuwar kwamfutar wasa mai jikin roba jure wahala. Amma a duba abu huɗu a gaban mai sayarwa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, don haka i7 na zubi na 6 ko na 7 a bar shi komai kyansa. A buga umarnin powercfg /batteryreport a tagar umarni ta Windows a ga abin da ya rage wa batir. A shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa lokacin kunna na'ura, a tabbatar babu kalmar sirrin tsohon kamfani. A buɗe babban fayil na 3D a bar ta minti ashirin; in fanka ta yi ta ihu na'ura tana rage sauri, man sanyaya furosesa ya bushe, a sauya shi ko a rage kuɗi. Ga wani ƙaramin abu da ke ba da haushi daga baya: na'urorin da ke fitowa daga Kano ko Dubai madanninsu QWERTY ne, kai kuma debi da takardun neman izinin gini da Faransanci za ka rubuta su. Madannin AZERTY na waje yana magance wannan.

Manhaja, tambayar farko ita ce wa za ka miƙa wa fayil. Injiniyan kankare da mai safiyo DWG suke jira, wato irin fayil ɗin zane na AutoCAD. AutoCAD LT yana yin wannan, a shimfiɗe kawai, kuma tun 2016 Autodesk ta daina sayar da lasisin dindindin, haya ce ta wata ko ta shekara da ake biya da katin banki. BricsCAD yana aiki da DWG kai tsaye, umarninsa kusan iri ɗaya, kuma ana iya sayen lasisinsa sau ɗaya. Archicad da Revit suna fitar da yanka, fuska da adadin kaya daga gini ɗaya da ka tayar, abin da ke rage kuskure in mai gida ya ce a matsar da ɗaki bayan an gama. Revit a Windows kaɗai yake gudu. SketchUp na nuna wa mai aiki siffa ne da sauri. Na kyauta akwai FreeCAD, wanda zubinsa na 1.0 ya fito a Nuwamba 2024, da Blender don hoto, amma musayar DWG da su tana da ƴar wahala. Lasisin ɗalibi bai halatta aikin kuɗi ba. Kwafin sata kuma, ban da haramcinsa, shi ne ƙofar da manhajar garkuwa da fayil ta fi shigowa. Ko da wace kake aiki, faifan ajiya biyu: ɗaya a biro, ɗaya a gida.

Yanzu tirasar. Mai inci 24 tana buga A1, 594 × 841 mm. Mai inci 36 tana kai wa A0, 841 × 1189. Tambayi kanka A1 nawa kake bugawa a mako. Filin mita 20 × 30 a ma'aunin 1/100 santimita 20 × 30 ne, yana shiga A3 har da wurin rubutu. Gidajen zama, shaguna da ajujuwa, yawancin aikin ƙaramin biro ke nan, duk A3 ta ishe su. Tirasar da ke kwana biyu ba ta aiki a wannan zafi tawada tana bushewa a kan da ke fesa ta, wankin kai yana shan tawada, sauya kai kuma kuɗi ne mai nauyi. Wanda bai kai bugu na kowane mako ba ya kai PDF wurin masu buga zane a gari, ya ce a buga a girmansa na ainihi, kashi 100. In aka bar shi a kan daidaita da takarda, ma'auni ya tafi, maso kuma zai ɗora mita a kan zanen ya gina abin da ya gani. A1 da aka rage zuwa A3 rabi ne cif, 1/50 ya koma 1/100, don haka a riƙa zana sandar ma'auni a kowane shafi.

Firintar A3 ɗin ma iri biyu ce. Mai tankin tawada, irin Epson EcoTank, tana da arahar shafi da launi mai kyau don nuna wa mai aiki, amma wasu tawadodin gumin hannu ko ɗigon ruwa a shantiye yana narkar da layinsu, rana kuma tana kodar da su. Leza ba ta narkewa, ba ta toshewa, sai cin wuta da tsadar hodar da take bugu da ita. Biron da ya fi tura zane shantiye ya ɗauki leza baƙi da fari, launi a kai waje. Kafin ka biya, ko wacce ce, ka zaga shago biyu ko uku ka ga lambar tawadarta ko hodarta a kan kanta da idonka, domin wasu na'urorin da aka shigo da su daga wata nahiya ba sa karɓar kwalbar da ake sayarwa a nan.

Na'urar awo ta leza, kamar Bosch GLM 50 ko Leica Disto, tana rage aikin auna tsohon gida sosai, amma a cikin ɗaki. A fili da tsakar rana jan ɗigonta ɓacewa yake bayan ƴan mitoci, don haka dogon tef mai mita 50 ya zauna a cikin mota.